Abin da Aka Tsinta a Aljihun Kakinka

Kafur,
ranar Litinin da hantsi.

Zuwa ga ɗana Ishaku,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji da ya tashe mu lafiya yau. Ina roƙonsa ya sa ka sauka Zariya lafiya jiya, ya tsare shigarka da fitarka a sabon wurin da aka mayar da kai, ya tsare hannunka a bakin aiki. Ya kuma tsare mutanen da ba su san sunanka ba amma ransu yana hannunka. Mamarka tana gaishe ka. Ƙanwarka Rifkatu ce take rubutawa, ni ina faɗa, ka san hannuna na dama ba ya riƙe alƙalami. Na ce mata ta sa kowace magana yadda ta fito daga bakina, kada ta gyara, kada ta sassauta. In ka ji zafi, nawa ne, ba nata ba.

Ba labarin gona zan ba ka ba. Kafin ka ci gaba da karatu, kwance ƙyallen da aka ɗaure da wasiƙar nan, ka dubi abin da ke ciki.

Ka gane shi?

Yau da safe na zo ɗaukar fartanya na gan shi a kan kujerata. Na tambayi Rifkatu, ta ce a aljihun tsohon kakinka ta same shi, wanda ka bari a wanke. Mamarka ta ɗauka wani abin keke ne. Ni shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin wuta, ko cikin barci aka sa mini shi a hannu zan san shi. Linki ne, ɗan guntun tagullar da ke haɗa rile da bireka. Ga jan fenti a kansa, ga lambar da aka karce da ƙusa. Ba sabo ba ne daga sito. Gefensa ya sha hannu, daga jikin allo aka zare shi. Kuma ran Alhamis kai da helmanku, babbanku a wurin aiki, kuka gwada ƙaramar tashar wutar nan ta bayan gari a wajen Funtuwa, da bakinka ka faɗa.

To yau kwana huɗu ke nan tashar nan ba ta da mai gadi, kuma kai ka kore shi.

Na san za ka ce, Baba, ai an koya mana wannan a makaranta. Duk da haka zan faɗa, don mamarka tana zaune a bakin ƙofa tana saurare, ina so ta san abin da ɗanta ya yi. Rile yana bayan gilashi, yana da ɗan faifai a cikinsa. In wuta tana tafiya daidai, faifan yana tsaye. In waya ta tsinke ta faɗi ƙasa, ko reshe ya kwanta a kanta, wuta ta yi yawa, sai faifan ya fara juyawa har ya taɓa, ya aika wa bireka, bireka ta faɗi, wuta ta yanke. Saƙon nan ta cikin linki yake bi. Ana zare shi lokacin gwaji don kada a kashe wa gari wuta ana cikin aunawa. In an gama a mayar. In ba a mayar ba, faifai zai juya har ya gaji, bireka ba za ta ji komai ba. Waya tana kwance a ƙasa da ranta, tana jiran ƙafar da za ta taka.

Kuma damina ce, Ishaku! Jiya bayan tafiyarka hadari ya taso da la'asar, ya karya reshen ɗorawar gidan kawunka Bulus. Ka san irin iskar da ake yi a wajen Funtuwa. Ka san mata suna fita da sassafe ɗibar ganye, ka san Fulani suna ratsa ƙarƙashin waya da shanu. 

Ga abin da na yi, gara ka ji daga wurina. Na tura kawunka Bulus Malumfashi a kan keke ya buga waya ofishinku. Na ce a rubuta: a duba tashar da aka gwada ran Alhamis, linki ba ya wurinsa. Na sa sunana. Duk wanda ya karanta zai san uban wa ne. Mamarka ta riƙe rigata ta ce, “Baban Ishaku, za ka sa a kori yaron nan, wata bakwai kawai ya yi a aikin.” Na ce mata ko wata ɗaya ya yi sai an buga. Ta yi kuka. Ban janye ba, kuma ba zan ba ka haƙuri ba.

Amma ba mantuwar ce ta fi ƙona mini rai ba. Kowa yana mantuwa. Abin da ka faɗa ran Juma'a ne muna cin tuwo. Kawunka ya tambaye ka yaya aiki, ka miƙe ƙafa ka ce, “Kawu, aikin ba wuya. Tasha guda cikin awa biyu muka gama, har muka samu motar azahar.” Na ajiye loma na ce awa biyu? Rile nawa? Ka ce shida. Na ce kun faɗar da bireka kun ji ƙararta bayan kun gama? Ka yi dariya ka ce, “Baba, wannan aikin zamaninku ne. Helma ya ce in allurar awo ta nuna daidai, sauran cika kati ne kawai.” Kowa ya yi dariya, har da ni na yi yaƙe, don ban so in kunyata ka gaban kawunka. Wannan ma laifina ne. Da na buga kwanon nan a ƙasa a lokacin, da ka tuna abin da ke aljihunka.

Aikin zamaninmu! To zauna ka ji aikin zamaninmu.

Kuskurena na farko ƙarami ne. Ina sabon shiga ɗakin wuta na gidan gurzar auduga, aka ba ni kula da batir, waɗanda suke ba bireka ƙarfin faɗuwa. Akwai wani ruwa tatacce da ake kawowa a babbar kwalba daga Kaduna, shi kaɗai ake zuba musu. Wata rana kwalbar ta suɓuce mini ta fashe. Na share gilasan na binne a bayan ɗaki. Kunya ta hana ni faɗa. Na ce a raina ruwa ai ruwa ne, na ɗebo na rijiya mai haske na riƙa zubawa. Wata uku ba wanda ya sani. Rannan tsohon fita, wato makanikin wutar da ya koya mini aiki, mutumin kudu ne, ya zo da ɗan gilashin awonsa ya tsoma, ya ɗaga, ya dube ni. Ya ce, “Danjuma, wane ruwa ka ba su?” Na ce na kwalba. Ya ce, “Kawo kwalbar.” Sai na faɗa masa ta fashe. Bai zage ni ba. Ya ce, “Kwalba ba ta da rai. Da ka faɗa, da an kawo wata ran Talata. Yanzu wata uku muna aiki ba kariya, don kai kana jin kunya.” Aka sake batir, aka bar ni a aiki.

Na ɗauka na koyi wani abu a ranar. Abin da na koya kawai shi ne in iya ɓoyewa fiye da da. Kai ka koyi wanda ya kamata in koya: in ka ɓata abu, ka faɗa tun bakinka yana rawa. Kunyar minti biyar ce. Kada ka jira sai ka shirya yadda za ka faɗa, ba za ka taɓa shiryawa ba.

Na biyun shi ne wanda ba wanda ya sani. Mamarka ba ta sani ba, Fasto bai sani ba. Rifkatu, rubuta, kada ki tsaya kallona.

Ka tuna Malam Sani na Tsiga? Kana ɗan shekara takwas lokacin. Shi ne yake ɗora ka a kan kekensa ya kai ka bakin tasha ka ga jirgi. Shi yake zuba wa injunan gurza mai. Kwano ɗaya muke ci da rana. Yakan ce mini, “Ɗan mishan, yi taka addu'ar da sauri, tuwo na hucewa.” Ni kuma in ce, “Kai da ke zuwa alwala sau biyar, kai ne za ka yi wa wani gorin ɓata lokaci?” In Sallah ta zo ya kawo mana nama, in Kirsimeti ta zo yaransa su kwana biyu a gidanmu.

A shekarar nan auduga ta yi kyau ƙwarai. Motoci sun yi layi tun daga ƙofar gidan gurza har kan titi, na Danja, na Bakori, na Malumfashi, direbobi suna ta zage-zage. Aka ƙara injin gurza biyu a kan wayar da ba a yi ta don su ba. Duk lokacin da aka tayar da babbar mota ta inji, wato wadda ke juya injunan gurza, sai faifan rile ya juya, bireka ta faɗi, komai ya tsaya. A sake tayarwa, ta sake faɗuwa. Rana ɗaya sau bakwai. Tsohon fita yana hutu, ni kaɗai ne a ɗakin. Manaja Bature ya shigo fuskarsa ja, ya ce ko in gyara ko ya samo wanda zai iya. Bai ce in yi abin da na yi ba. Ina so ka ji wannan da kyau, don shekara da shekaru ina ɗora masa a zuciyata. Ihu kawai ya yi ya fita.

Rile ɗin ba abin da ya same shi. Gaskiya yake faɗa, kaya sun fi ƙarfin waya. Abin da ya kamata in ce shi ne, a rage inji ɗaya har a sa waya mai kauri. Magana ɗaya ke nan. Ban iya faɗa wa Bature ita ba. Sai na buɗe gilashin, na ciro tsinken ashana daga aljihu, na karya kan, na cusa shi tsakanin faifai da ƙarfen da ke riƙe da shi. Faifai ya tsaya cak. Na rufe gilashi.

Aka tayar da inji, bai faɗi ba. Aka yi gurza har yamma ba tsayawa. Manaja ya dafa kafaɗata gaban leburori. Malam Sani ya leƙo ya ce, “Kai, ɗan mishan, wane asiri ka yi wa bireka?” Na ce asirin makaranta ne. Ya ce, “To Allah ya ƙara ilimi.”

Na ce zan cire in an tashi aiki. Da aka tashi na ce gobe ma akwai layin motoci, bari a rage. Gobe ta zo na ce sai ƙarshen mako. Ba mantawa na yi ba, Ishaku. Kullum na shiga ɗakin nan idona yana kai wa gilashin, in kawar da kai. Daga baya ma na daina kallon wajen.

Bayan mako uku ranar gwaji ta zo. Tsohon fita bai dawo ba, aka ce in yi. Ka san yadda ake yi, a zare linki, a ɗura wa rile wuta da akwatin gwaji, a riƙe agogo a ga daƙiƙa nawa faifai zai yi kafin ya taɓa, a rubuta a kati. Da na yi gwajin nan dole in cire tsinke, in na cire kuma ba zan iya mayarwa ba, zuciyata ba za ta bari in yi sau biyu ba. Sai bireka ta koma faɗuwa, a gane ba gyara na yi ba. Don haka na ɗauko katin bara na kwafe lambobin, na ɗan canza ɗaya don kada su yi kama sosai, na sa hannu. Da wannan hannun na sa, lokacin yana da yatsu biyar masu motsi. Cikin rabin awa na gama. Ni ma na yi alfahari da saurina.

Ka ji dalilin da ya sa na ajiye loma ran Juma'a. Muryata na ji a bakinka.

Kwana tara bayan haka, da hantsi kamar yanzu, wayar ta gaji. Ta yi zafi ta narke a cikin akwatin makunnin babbar mota, wanda yake cike da mai. Ina ɗakin wuta na ji rile yana gurnani, faifai yana son juyawa, tsinke ya riƙe shi. Da ba tsinken, kafin ka ƙirga uku wuta ta yanke, a yi hayaƙi kaɗan, a yi tsaki, a sake waya. Malam Sani yana durƙushe a gindin akwatin da butar mansa. Akwatin ya fashe. Man ya kama da wuta ya watsu a kansa, ga ƙaiƙayin auduga ko'ina a ƙasa.

Abin da kuka sani shi ne na ruga na ja hannun bireka da kaina, wuta ta tashi ta cinye mini hannu, na ceci gidan gurza da mutum arba'in. Haka aka faɗa a coci, haka mamarka take faɗa wa baƙi. Gaskiya ne na ja. Ga abin da ba a faɗa ba. Da wutar ta yanke, ina jin ihun Sani daga can ɗakin gurza, yana kiran sunana, ba ɗan mishan ba, Danjuma yake cewa. Hannuna yana hayaƙi. Ban tafi wurinsa ba. Sai da na juya na buɗe gilashin nan da hagu, na zare tsinken, na sa a baki na tauna na haɗiye. Sannan na fita.

Ya kwana biyu a asibiti ya rasu. Injiniya ya zo daga Kaduna ya duba, ya ga kati da lambobi masu kyau, ya gwada rile ya ga yana juyawa, ya girgiza kai ya ce wani lokaci ƙarfe yakan maƙale ba dalili. Aka sallame ni da takardar yabo saboda hannuna. Tana nan a ƙasan akwatin mamarka. Tsohon fita kaɗai, da ya dawo ya zo gaishe ni a gadon asibiti, ya dube ni ya ce, “Rile nan shekara goma ina gwada shi, bai taɓa maƙalewa ba.” Na juya fuska bango. Ya tashi ya tafi, bai sake yi mini magana ba har ya bar ƙasar nan.

Kuna ganin kowace kaka ina ɗaure dawa dami biyu a kan jaki in kai Tsiga gidan matarsa Hajara, kuna cewa Baba mai zumunci ne. Takan fito ta durƙusa ta ce, “Malam Danjuma, Allah ya saka, kai ne ka ƙone don ka cece shi.” Shekara goma sha biyu ina tsayawa a ƙofar gidan nan ina amsa amin.

Mamarka ta tashi daga bakin ƙofa ta shiga ɗaki. Bari ta tafi. Ni da ita za mu yi tamu maganar. Rifkatu, goge fuskarki, kada ki jiƙa takardar.

Yanzu kai. Na san yadda abin yake a wurinku. Tun da aka yi rikicin nan tsofaffin ma'aikata suka koma gida kudu, ku yara aka miƙa wa makullan tashoshi, ga sababbin wayoyi ana ta ja daga babban dam, tasha goma mutum biyu. Na san helmanku ya girme ka, in ka ce masa a tsaya a faɗar da bireka zai ce, “Kai yaushe ka zo?” Na san motar azahar in ta wuce sai ka kwana a benci. Duk na sani, kuma ba ɗaya da zan karɓa. Ni ma ina da Bature mai ihu da layin motoci. Ba su suka karya kan ashanar ba.

In wasiƙar nan ta same ka, na ba Audu direba, ya ce kafin la'asar yana Zariya, kada ka tsaya wanka, kada ka tsaya neman helma ku shirya magana. Ka tafi wurin injiniya kai tsaye. Ban sani ba ko wayar kawunka ta kai hannun wanda zai gane ta, ko tana kan teburin wani magatakarda a ƙarƙashin kofin shayi. Kada ka dogara da ita. Ka ajiye linkin a gabansa ka ce, ranka ya daɗe, ni na zare, ban mayar ba, kuma ba mu faɗar da bireka ba, katin da muka cika ba duka muka auna ba. Ka faɗi na katin ma. Na san shi ne za ka so ka haɗiye, don na linki mantuwa ce, na kati kuwa ƙarya ce. In ka faɗi rabi ka bar rabi, gobe wani zai ɗauki katin nan ya yarda da shi ya sa hannu a waya. Kada ka ce helma ne ya sa ka. In an tambaye ka abin da ya ce, ka faɗa. Amma sunan wa ke ƙasan katin?

Ka roƙa a bar ka ka koma tashar da ƙafarka. Rile shida, ka sake su ɗaya bayan ɗaya, da agogo a hannu, ko zai kai ka kwana biyu. Kada ka rubuta lamba sai wadda idonka ya gani. In ta fito ba kyau, ka rubuta ta ba kyau, don ita ake biyanka ka nemo. In ka gama ka mayar da linki, ka nemi izini a yanke wa gari wuta na minti ɗaya, ka juya faifai, ka tsaya har ka ji bireka ta faɗi da kunnenka, ƙarar nan da take girgiza ƙasa. Mutanen kasuwa za su zage ku. Su zaga. In ba ka ji ƙarar nan ba, ba ka gwada komai ba, allura kawai ka kalla.

Kuma daga yau kada abin da ka zare daga jikin allo ya sake shiga aljihunka. Aljihu yana bin mutum gida. Tsohon fita yana da wata ɗabi'a da muke yi wa dariya. Duk linkin da ya zare, sai ya ɗaure shi da zare a jikin makullin ƙofar tasha. Ba yadda za a yi ya kulle ƙofa ya tafi bai gan shi yana lilo ba. Mukan ce tsufa ne. Ka nemi zare, ja in akwai. In abokan aikinka sun yi dariya, ka ce ubanka ne ya sa ka, mai hannu ɗaya.

In wata rana rile ya dame ku da faɗar da bireka, kowa yana ihu a kanka, manya suna bugo waya, ka tuna ba shi ne maƙiyinka ba. Wani abu ya gani. Ka nemi abin. Wanda duk ya ce ka ɗaure shi, ko ka ƙara masa lamba don ya yi shiru, ka ce ya rubuta a takarda ya sa hannu. Za ka ga yadda murya take sauka.

Wataƙila su kore ka. Na yi tunanin wannan tun kafin kawunka ya hau keke. Na san wahalar da aka sha kafin ka kai inda ka kai, na san yadda mamarka take taka ƙasa in an ce uwar ma'aikacin wuta. In sun kore ka, ka dawo. Gonar fadama tana nan, auduga tana son hannu, zan tare ka a bakin hanya in ɗaukar maka akwati da hagu. Ba wanda zai yi maka gori a gidan nan ina raye. Amma in ka je ka lallaɓa ka mayar da linkin a ɓoye, ka ce wa injiniya tsohon nan ya ruɗe, ka tsira da aikinka, to ka riƙe albashinka, kada ka kawo mini ko sabulu. Mutum ɗaya mai irin wannan a gida ya isa.

Ni ma ba zan aike ka inda na ƙi zuwa ba. Ran Laraba in Allah ya kai mu zan tafi Tsiga, ba jaki, ba dawa. Zan zauna a ƙofar gidan Hajara da babban ɗanta in faɗa musu abin da na faɗa maka. Ban san abin da za su yi ba. Kafin in dawo ina so in tarar da amsarka, layi biyu sun isa: na mayar, na ji ta faɗi.

Ubangiji ya riƙe iska da ruwa har ka isa tashar nan. Ya kawar da ƙafar kowa daga ƙarƙashin wayar. Ya ba ka bakin faɗar gaskiya gaban manya, ya tsare hannuwanka biyu, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, da aiki ko ba aiki. Fushina yana nan, amma addu'ata ta fi shi yawa.

Ni ne ubanka,
Danjuma.

Yaya Ishaku, ni ce Rifkatu. Baba ya fita bayan gida wanke fuska, shi ya sa na ƙara wannan.

Baba yana tsammani mantawa ka yi har ka tafi. Ni da kai mun san ba haka ba ne. Ran Asabar na sami tagullar nan, na kawo maka a bayan rumbu. Ka karɓa ka dube shi, ka mayar mini, ka ce, “Ɓoye shi, kada Baba ya gani. Helma zai kashe ni. Wata mai zuwa za mu koma can, sai in karɓa in mayar.” Na ce to. Ban san mene ne ba, amma na ga fuskarka. Na sa shi a cikin kwallata kwana biyu. Jiya da iskar nan ta taso na kasa cin abinci. Ni na ajiye shi a kan kujerar Baba da safe, don ban iya buɗe baki na faɗa ba.

Ban taɓa yi maka musu ba, Yaya, ka yi haƙuri. Baba ya ce in ya dawo in karanta masa wasiƙar daga farko har ƙarshe kafin a ɗaure ta. Zan karanta har da wannan.

Allah ya tsare hanya. Ga shi nan yana zuwa.